Shekarar da Na Tsaya a Tukuba

Ranar Babbar Sallar da ta wuce, kuna zaune a tsakar gida kun kewaye faranti, na ji Zuwaira tana ba mijinta labarin gidan nan. Ta ce masa Babanku ne ya ga ya kamata in fita kasuwa bayan ya ji ciwo, shi ya koya mini gashi, kuma Baffanku Inuwa mugun mutum ne da ya so ya raba mu da abincinmu. Babu wanda ya gyara mata a cikinku, har Yayanku da yake da wayo a lokacin. Ni ma ban tanka ba, domin ga suruki a zaune. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Babanku da Baffanku duk sun riga mu gidan gaskiya, ba su da bakin da za su kare kansu, ni kuma ƙafa ta fara ƙi, ido ya fara hazo. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda aka yi, tun ina iya riƙe alƙalami.

A Yendi aka haife ni, a gidan malamai. Dagwamba suna ce wa mahaifina Afa, wato malam, mu ma muka bi bakinsu muna ce masa Baba Afa. Shi ya koya mini karatu da rubutun ajami tare da 'yan'uwana maza, bai bambanta mu ba a nan. Amma matan gidansa ba sa zuwa kasuwa, ko gishiri ne sai dai a aika. Abin da na ɗauko daga ɗakin mahaifiyata, Iya, shi ne gashin zabo. In baƙo mai daraja ya sauka, sai ta sa a yanka zabi biyu, ta fige, ta tsaga su ta baya ta shimfiɗa kamar tabarma. Ta daka daddawa da citta da gishiri ta cuɗa musu har cikin ƙashi, ta rufe da ƙwarya tun hantsi sai azahar. Ba ta ɗora nama a kan wuta mai harshe. Sai garwashi ya kwanta, toka ta fara rufe shi, sannan ta aza, tana juyawa tana shafa man kaɗe da gashin fiffiken zabon da ta ware, saboda naman zabo ba shi da kitse, in ka yi sakaci da shi sai ya koma itace. Ina 'yar shekara tara nake riƙe mata ƙwaryar man.

Babanku ya zo Yendi karatu daga Salaga, ya yi shekara huɗu a zaurenmu. Ɗan mahauta ne, kowa ya sani. Ranar da aka ɗaura mana aure Baba Afa ya kira ni ɗakinsa, ya ce:

"Salamatu, na ba shi ke don karatunsa, ba don wuƙarsa ba. Ki riƙe wannan."

Na ce na riƙe.

A Salaga na yi shekara biyu a gidan su Babanku, nan na haifi Yayanku, nan kuma na ga abin da ake kira tsire. Mutanen gidan suna cewa kakanninsu ne suka zo da shi tare da fataken goro, kuma duk wanda yake gashi daga nan har Kurmi, can kudu, inda ake ce masa cincinga, a wurinsu ya gani. Tukubarsu tudun toka ce da ta girmi Babanku, wuta a tsakiya, tsinkaye a kafe kewaye da ita sun ɗan sunkuya, naman yana shan zafi ta gefe, hayaƙi bai taɓa shi. Ana yanka naman siriri, a tsoma shi a man gyaɗa, a birgima shi cikin garin ƙuli da yaji har ya ɓace. Maza ne a tukuba, Yaya Inuwa da Babanku. Amma yajin daga cikin gida yake fitowa, daga hannun kakarku Inna. Mu surukai aikinmu daka: a ba ki barkono ki daka, a ba ki ƙuli ki daka, kowane dabam. In an gama sai Inna ta kwashe ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, ta fito da tulu a rufe. Ban taɓa tambayarta ba, na san ba za ta faɗa ba. Sai dai in na wanke mata ƙwaryar haɗi ina shinshinawa, in lashi yatsa, in ajiye a raina.

Tukuba ɗaya ba ta ɗaukar magidanta biyu, shi ya sa muka tashi zuwa Bawku. Gari ne na dabbobi da albasa, kasuwa tana ci bayan kowane kwana uku, ga Mosi ga Kusasi ga Busanga ga mutanen Togo, kowa da Hausarsa. Gashin Bawku dabam ne. Su balangu suka sani: a yanka rago, a ɗora manyan gunduwoyi a kan ragar waya, gishiri kawai, kitsen yana ɗiga yana tayar da wuta, a yayyanka maka a takarda a tula albasa har ta fi naman yawa. Babanku ya gina tukubarsa irin ta gida a layin masu nama, aka sa masa suna Ɗan Salaga. Inna tana aiko masa da yaji ta hannun direban lore duk wata. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. A nan na haifi Sani, na haifi Zuwaira.

Zuwaira tana goye aka yi abin. An yi shukar fari ke nan. Babanku ya je kara sayen nama a tsaye, wani bijimi ya tsinke igiya ya matse shi da bangon rumfa. Hannun dama ya karye wuri biyu, kafaɗa ta goce. Maɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya kama, amma yatsun suka lanƙwashe, ko cokali ba ya iya riƙewa. Wata biyu tukuba tana sanyi. Na sayar da akuyoyina, muka cinye dawar da muka ajiye. Sai ga Yaya Inuwa daga Salaga.

Ina so ku ji wannan da kyau. Baffanku bai zo da mugunta ba. Ya zo da buhun doya da tunkiya, ya ga ƙaninsa ya zubar da hawaye. Da aka yi sallar la'asar ya sa aka kira ni, na durƙusa a bakin ƙofa, ya ce:

"Auta, ka tattara ka dawo gida. Abin da na ci shi za ka ci. Ɗakinka yana nan. Sai dai gidan ya cika, kai ma ka sani. Babban yaron zai zauna a wurina ya koyi sana'a, Sani a kai shi Yendi wurin kakansa, ita ƙaramar tana tare da uwarta."

Duk wanda ya san zumunci ya san abin da ya faɗa shi ne daidai, haka ake yi. Babanku yana kallon hannunsa, ya ce to. Ni kuwa na ga komai a gabana kamar an shimfiɗa: Babanku zaune a zauren wansa yana jiran a miƙo masa akushi, mutumin da ko ruwan alwala ba ya yarda a ɗebo masa, Sani mai shekara biyar a kan lore shi kaɗai. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Yaya, a yi mini afuwa. Tukubar tana nan, ba ta karye ba. Ni zan tsaya."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi ƙaninsa.

"Me ta ce?"

"Na ce ni zan tsaya, Yaya."

"Mace a tukuba? A tsakiyar rundawa? Da sunan gidanmu? Auta, kai ka sa ta?"

Babanku bai sa ni ba, kuma bai goyi bayana ba. Cewa ya yi in tashi in ba su wuri. Washegari Yaya Inuwa ya koma, ya bar mana doyar da tunkiyar, ya ce ya ba mu zuwa Babbar Sallah mu shirya, kuma daga yau yajin Inna ba zai ƙara hawa lore ba, tunda babu mai tukuba. Babanku ya yi kwana uku bai yi mini magana ba. A rana ta huɗu ya ga ina fere tsinkaye, ya ce:

"In kin fita, me kika mayar da ni a garin nan?"

Na ce, "Maigida, kamar yadda kake. In mun koma Salaga fa, me za ka zama?"

Ya juya fuska bango. Bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba. Da wannan shirun na fita.

Na haɗa yaji da abin da hancina ya tuna, na karɓi cinyar sa a kwata, na goya Zuwaira na tafi. Ban manta yadda layin ya yi tsit ba da na fara hura wuta. Daga baya aka fara dariya. Wani ya ce a kawo mini muciya, wani ya tambaye ni ko koko nake sayarwa. Na yanka nama kamar yadda na ga ana yi, amma gani dabam yi dabam: wani ya yi kauri, wani ya yage, na kafa tsinkayen kusa da wuta ƙulin ya ƙone ya yi ɗaci. Mutane suna zuwa su tsaya su kalle ni, su wuce gaba su sayi balangu. Kasuwa uku a jere ina dawowa da naman gida, ina raba wa maƙwabta kafin ya lalace. A cikin kwanakin nan wasiƙar Baba Afa ta iso, labari ya kai masa. Layi uku ce, da hannunsa. Ya ce ya ji 'yarsa tana tsaye a kasuwa cikin maza da wuƙa a hannu. In gaskiya ne, ta zaɓa tsakanin wannan da ƙofar gidansa. Na karanta a tsaye, na ninke, na sa a ƙasan akwati.

A kasuwa ta huɗu ne maƙwabcina ya tsallako. Wani tsoho ne mai balangu, kowa Baba Mosi yake ce masa, Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa "kai" ne. Bai taɓa shiga cikin masu dariya ba. Ya zari tsinke ɗaya bai tambaya ba, ya tauna, ya tofar.

"Wannan tsiren Ɗan Salaga ne da ya yi rashin lafiya," in ji shi. "Kai, matan Ɗan Salaga, kai ba mahauci ba. Mene ne kana yi ma baƙo a gidan ubanka?"

Na ce zabo.

"To ina zabo?"

Ya nuna mini bakin kasuwa da wuƙarsa, inda manoman Kusasi suke zaune da kwanduna cike da zabi, daga Zebila da ƙauyuka, suna ta kuka babu mai kula su sai matan da za su yi miya. A duk layinmu babu mai gasa zabo ko ɗaya. Mahautan suna ganin tsuntsu ba aikin namiji ba ne.

"Rago namu ne, sa na mijinka ne. Wancan ba na kowa ba. Amma ka sa albasa. Mutumin Bawku in bai ga albasa ba, bai ci nama ba."

Na koma gida da zabi shida a kwando. Sai matsalar yanka ta taso. Na san a karatu ba a hana mace yanka ba, amma na san mutanen kasuwa, in suka ji hannun mace ne ya yanka ba mai ci. Na ɗauki wuƙar Babanku, na wasa ta, na kai masa har inda yake kwance.

"Malam, ga zabi suna jira."

Ya ɗaga mini hannun da ya mutu. "Da wannan?"

"Da ɗayan. Ni zan riƙe."

Ya daɗe yana kallon wuƙar. Sannan ya tashi, ya fito tsakar gida, karo na farko da rana ta gan shi a tsaye tun da aka kawo shi daga kara. Na danne fukafukan da ƙafa, na miƙe wuyan, ya yi bisimilla ya ja da hagu. Na farko ya ba shi wuya. Kafin na shida hannun ya gane hanya. Da ya gama ya goge wuƙar a jikin tsumma, ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Jiya na ga tsinkayen da kika dawo da su. Wutarki ta yi yawa. Ki rage itace, ki jira."

Wannan shi ne iyakar abin da Babanku ya koya mini da baki, kuma ya isa.

Na tsaga zabin ta baya kamar yadda Iya take yi, na cuɗa musu daddawa da citta tun da safe. Na aro waya wurin Baba Mosi na ɗora a kan tukubar Salaga, na jira garwashi ya kwanta. Ina juyawa ina shafa man kaɗe. Da suka kusa nuna sai na barbaɗa musu garin ƙuli da yajina, ya kama jikin man ya yi ɓawo ja. Na yanka albasar Bawku na shimfiɗa a takarda, na ɗora zabon da zafinsa na naɗe, albasar ta yi laushi ta sha romon. Ƙamshin daddawa a kan wuta ba ya ɓuya. Wani direban shanu ɗan Burkina ne ya fara tsayawa, ya ce a ba shi cinya ya ɗanɗana. Ya ci a tsaye, ya ce a naɗe masa sauran, da wani guda. Kafin a kira la'asar waya ta zama wayam. Na tsaya ina kallonta. Baba Mosi ya leƙo daga cikin hayaƙinsa ya ce:

"Kasuwa mai zuwa, goma sha biyu."

Kafin kaka ina gasa talatin a ranar kasuwa, kuma ba sa kai yamma. Direbobi suka kai labari Bolga da Tamale, fataken albasa suna saya su tafi da shi Kurmi. Waɗanda suka ce a kawo mini muciya suka fara aiko matansu su tambaye ni yadda ake yi. Wata ranar kasuwa ina cikin aiki na ji mutum ya ja benci a bayana. Babanku ne, da farar riga da hula. Ya miƙa bayan hannun hagu saman waya, ya ce in janye garwashi daga gefen gabas. Tun daga ranar nan wurin zamansa ke nan, shi ke yanka, shi ke duba wuta, shi ke hira da baƙi, shekara ashirin da ɗaya.

Kuna yawan musu a kan inda nama ya fi daɗi, to ga nawa, na wadda ta ci na ko'ina da haƙoranta. In tsire kake so, ka je Salaga, ka nemi tukubar da tokarta ta yi tudu, ka guji mai waya. Har gobe ban iya tsire kamar na Yaya Inuwa ba, kuma ban ga wanda ya iya ba. In balangu ne, Bawku, ranar kasuwa, da hantsi, kafin kitsen ya sha wuta sau biyu. Zabon Walewale da ake miƙo wa matafiya ta tagar mota soyayye ne, yana da daɗinsa in kana jin yunwa, amma kada a kira shi gashi a gabana. Zabon Yendi kuwa ba a kasuwa yake ba, a cikin gidaje yake, sai an gayyace ka. Duk inda ka je, ka dubi wutar kafin ka dubi naman. In ka ga harshen wuta yana lasar nama, mai gashin sauri yake yi, ka wuce.

Bari in gama da maganar Baba Afa, domin ku san abin da na biya. Na rubuta masa amsa, na gaya masa dalilina, na ce jikokinsa suna ɗaki ɗaya da iyayensu. Bai amsa ba. Duk Sallah ina aika masa zabi da goro ta hannun direba. Goron yana karɓa ya raba, zabin su dawo. Yayanku da Sani sun je sun gaishe shi, ya sa musu albarka, ya tambaye su karatu, bai tambaye su ni ba. Shekara shida a haka. Da saƙon rashin lafiyarsa ya zo na hau mota a ranar, na isa Yendi an dawo daga maƙabarta. Iya ta ce bai ambace ni da sharri ba, bai kuma ambace ni da alheri ba. Ban sani ba ko ya yafe mini. Ina yi masa addu'a kullum, ku ma ku riƙa yi. Mutum ne mai riƙe magana, kuma a wurinsa na gado.

Mu koma shekarar da na fara. Saura mako biyu Babbar Sallah, wa'adin Yaya Inuwa ya kusa cika. Ban san ranar da zai zo ba, ban kuma san ba shi kaɗai zai zo ba. Ranar kasuwa ce, mutane sun yi layi a gabana, na ɗaga kai daga waya sai na ga Inna. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Tamale ba, ta yi kwana biyu a hanya don ta tafi da autanta da jikokinta. Daga tasha ko gida ba ta biya ba, ta ce a kawo ta ta gani da idonta. Babanku ya miƙe zumbur. Ni na durƙusa a cikin toka da mafici a hannu.

"Sannu da zuwa, Inna. Ya hanya?"

Ta dubi layin mutane, ta dubi ɗanta da farar rigarsa, ta dubi wayar da na ɗora a kan tukuba. Yaya Inuwa yana bayanta, fuska a ɗaure.

"Tashi, namanki zai ƙone," in ji ta. "Ba ni."

Na yanko mata ƙirji, inda ya fi laushi, saboda haƙoranta. Ta ture albasar gefe. Ta lakaci ɓawon yajin da yatsa ta sa a harshe, ta rufe ido. Har Baba Mosi ya bar wutarsa ya matso.

"Masoro. Kanumfari. Wa ya gaya miki kimba?"

"Babu kowa, Inna. Ƙwaryarki nake wankewa."

"Wannan warin fa?"

"Daddawa ce. Ta gidanmu ce."

Ta ci naman, a hankali, har ta cinye. Ta miƙa hannu aka zuba mata ruwa ta wanke.

"Kimbar ta yi yawa. Kuma ba kya sake soya ƙulin bayan kin daka, shi ya sa yake kama wuya. Shekara biyu kina gidana, ashe ɓarauniya nake ciyarwa."

Ta faɗa tana dariya, dariyar da ban taɓa ji daga bakinta ba. Sannan ta juya wurin babban ɗanta.

"Inuwa, shekara arba'in ina haɗa yaji a bayan ƙofa. Ana cewa tsiren ubanku, aka koma ana cewa tsirenka. Ka taɓa jin wanda ya ce tsiren Inna? Wannan ta fito ta tsaya a gaban nata. Ka dubi ƙaninka, ya yi maka kama da wanda za a kai zaure a ajiye?"

"Inna, mutane za su ce..."

"Ga mutanen nan a layi, tambaye su. Auta, matsa mini in zauna. Ke kuma sallami bayin Allah, in mun je gida ki kawo mini turmi."

Wata guda ta yi a wurinmu. Ta nuna mini haɗin daga farko har ƙarshe, ƙofa a buɗe, kuma ta yarda aka bar daddawar. Yaya Inuwa kwana biyu ya yi, bai ce mini uffan ba, ko abin da na gasa bai taɓa a gabana ba. Ranar da zai koma na raka shi tasha da ƙullin zabi uku na mutanen gida, na ba yaron mota ya sa a sama. Ya hau ya zauna a gaba kusa da direba, yana kallon hanya. Sai da aka tayar da mota ya leƙo ta taga.

"Salamatu."

"Na'am, Yaya."

"Wanda kika aiko wa Auta jiya da rana, ni na cinye. Ranar kasuwa mai zuwa ki ba direban nan biyar ya kawo mini. Kada ki ce nawa ne."

Na ba direba bakwai, na kuma ce masa ya faɗa da ƙarfi a ƙofar gida cewa na Yaya Inuwa ne.